Ranar da Kwamfutar Malam Isiyaku Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara ganin fure yana buɗewa a kan gilashin kwamfuta. A wani kafen intanet ne a Gwagwalada, lokacin ina bautar ƙasa, na shiga duba saƙo. Mutumin da ke zaune kusa da ni ya buɗe shafin wani otal na ƙasar waje, sai ga jan fure yana warware ganyensa ɗaya bayan ɗaya, siririn kiɗa yana tashi, rubutu yana saukowa kamar yayyafi. Na saki baki ina kallon kwamfutar mutum har lokacin da na saya ya ƙare, ban duba saƙon ba.

Sai kun san irin tarbiyyar da na yi wa kaina kafin ku gane abin da furen nan ya yi mini. Ni littattafan soyayya na kasuwa ne suka raine ni. Tun ina aji biyu a sakandare nake hayar su, in cusa cikin littafin lissafi ina karantawa. A cikinsu ba a shiga ɗaki haka kawai. Sai an ci shafi uku ana kwatanta labule da kafet da ƙamshin turare kafin jarumi ya yi sallama. To ni a wajena haka ya kamata shafin intanet ya kasance: kafin mutum ya samu abin da ya zo nema, sai ya sha kallo tukuna. Da wannan aƙidar na koyi aikin gina shafuka, da ita kuma na samu aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya a Abuja.

Zamanin nan ne da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai yana shigowa, kowa ya sayi wayar hannu, kowace hukuma tana son a ce ita ma tana da website. Ogana, daraktan sashenmu, Alhaji Garba, ya kira ni ofis a makona na biyu.

"Ke ce mai kwamfutar nan ko? To ina son website wanda yake motsi. Na ga na maƙwabtanmu, a tsaye yake cik kamar allon sanarwa. Namu ya fi nasu, kin gane?"

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

An ba kura ajiyar nama. Wata uku na yi ina zuba son zuciyata. Idan ka buɗe shafin, wata ƙofa mai ruwan zinare ce za ta fara buɗewa a hankali. Sai tuta ta kaɗa. Sai hoton shugaban hukuma ya fito daga cikin gajimare (wallahi gajimare, kuma ya ji daɗi). Sai kiɗa, wanda ban sa masa wurin kashewa ba, don ban ga dalilin da zai sa mutum ya so kashe shi ba. Duk wannan ba ya aiki sai ka sauke wasu ƙananan manhajoji waɗanda muke kira fulogin, ka ɗora wa burauzarka, wato manhajar buɗe shafi. Shafina fulogin uku yake buƙata: ɗaya na motsi, ɗaya na kiɗa, ɗaya na aika fom. A kwamfutata, wadda ta fi ta kowa ƙarfi a ginin kuma ita ce ta fi kusa da na'urar intanet, komai yana tafiya sumul. Ban taɓa gwada shi a kwamfutar wani ba. Ko sau ɗaya.

Yanzu sai in faɗi abin da ba na son faɗa. A hawa na uku akwai wani lauyan hukuma, Barista Sadik. Dogo, mai farar shadda, ba ya yawan magana. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu a bakin lifta, amma a raina har na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Shi kuma aikin shafin a wancan lokacin, yanka hoto ake yi ƙanana-ƙanana, kusan ɗari biyu, kowanne sai an ba shi suna kafin a ajiye. Mai hankali zai rubuta "gida", "tuntuɓe mu", "cika fom". Ni kuwa na ce ai sunayen nan a ɓoye suke a bayan shafi, babu mai ganinsu. Sai na mayar da su littafin sirrina. Duk abin da Barista ya yi a ranar, shi ne sunan hoton da nake yankawa. Akwai kuma wani gurbi da ake rubuta bayanin hoto saboda wanda ba ya gani. Malamin da ya koya mana aikin ya taɓa ambatarsa sau ɗaya. Na bar shi fayau a duka hotunan, don ina sauri in je in gyara fukafukan tantabara.

Tantabarar ita ce maɓallin aika fom. Idan ka gama cikawa sai ka danna ta, ta tashi da ambulan a baki, sannan rubutu ya fito: "Mun gode." Na fi alfahari da ita a kan digirina.

Sai aka fitar da sanarwa cewa rajistar jarrabawar ƙarin girma ta bana ta shafin hukuma kawai za a yi, ba takarda, kuma mako biyu aka bayar. Alhaji Garba ne ya kawo shawarar, don a san an ci gaba.

Ƙorafi ya fara zuwa tun rana ta farko. Ma'aikatan sitonmu na Idu suka ce ƙofar zinare tana kai rabi take tsayawa, sun yi awa guda suna jiran ta buɗe. Wasu suka ce kwamfutocin ofisoshinsu a kulle suke, ba sa karɓar fulogin. Amsata ɗaya ce ga kowa, kuma da yatsina nake ba da ita: "Ku sauke fulogin." A raina ina cewa 'yan ƙauye ne, ba su san abu mai kyau ba.

Rana ta huɗu Malam Isiyaku ya ƙwanƙwasa ƙofata da sandarsa. Ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare, ya kai shekara arba'in da biyar, ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana yaro. Duk rahoton da sashensu ke taƙama da shi, shi yake rubutawa. Yana da laftof mai wata manhaja da ke karanta masa duk rubutun da ke kan allo da murya, kuma ya fi ni saurin bugu nesa ba kusa ba. Shekararsa bakwai a mataki ɗaya. Sau biyu ana jarrabawa ba a yi masa tanadin yadda zai rubuta ba. Ya yi ta rubuta takardu har aka amince bana zai zauna da laftof ɗinsa. Abin da ya rage masa kawai shi ne rajista.

"Malama, sannu da aiki. Ke ce kika gina mana shafin nan?"

"Ni ce, Malam." Na gyara zama, ina jiran yabo.

"An ce mini ya yi kyau ƙwarai. Ni dai da na shiga, kiɗa ya danne muryar na'urata. Da na samu na ji ta, ba abin da take cewa sai botin, botin, botin, wato maɓalli. Botin goma sha ɗaya, ba wanda ke da suna. Wanne ne na rajista?"

"Ai sai ka sauke fulogin."

"Na sauke duka ukun. Ba fulogin ba ne matsalar. Kin zana rubutun ne, ba ki rubuta shi ba. Na'ura ba ta karanta zane. Ki taimaka ki yi mana shafi ɗaya na rubutu zalla, ba ƙofa, ba kiɗa. Ba zai ɗauke ki yini ba."

Gaskiyarsa, ba zai ɗauke ni yini ba. Awa uku ya isa. Amma abin da na ji a kunnena shi ne, wai in tuɓe wa amaryata kayan ado in fito da ita da zanen wanka. Na ce masa gobe in sha Allahu. Ya dawo bayan kwana biyu, na ce ana kan yi. Da zai fita sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, akwai kuma sunayen hotunan nan. Da kin duba su."

"To, Malam," na ce, idona yana kan tantabara. Ban ma saurari abin da yake nufi ba. Bawan Allah ya so ya rufa mini asiri, na ƙi.

Zuwansa na uku, saura kwana biyu a rufe, na faɗi maganar da har yau idan na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

"Malam, tsakani da Allah, me ya sa ba za ka ba wani ya cika maka ba? Mutum ɗaya ba zai sa a rushe aikin wata uku ba."

Ya juya zai fita. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina aikin gwamnati, ba a taɓa cika mini takarda ba. Amma tunda haka kika ce, shi ke nan."

Madam Grace, abokiyar aikinsa, ita ta cika masa a kwamfutar ofishinsu. Ta danna tantabara, tantabara ta tashi, "Mun gode" ya fito. Abin da ba su sani ba, ni ma ban sani ba saboda ban gwada ba, shi ne kwamfutar Madam Grace ba ta da fulogin na uku, na aika fom. Ni kuma na ɗaura tashin tantabarar ne a kan dannawa, ba a kan isar saƙo ba. Ko fom ya tafi ko bai tafi ba, tsuntsuwata za ta tashi ta yi godiya. (Ita Madam Grace a kafe ta yi tata rajistar, shi ya sa ta tsira.)

Jerin sunaye ya fito, babu Malam Isiyaku.

Ya rubuta ƙorafi, aka kafa kwamiti. Alhaji Garba ne shugaba, da wata Hajiya daga sashen mulki, da wakilin ƙungiyar ma'aikata, da wasu uku. Lauyan kwamitin kuma, kun riga kun canka. Da na ji Barista Sadik zai zauna, ba tunanin Malam Isiyaku na yi ba. Tunanin atamfar da zan sa na yi. Na sa shuɗiya, na yi turare, na shiga ɗakin taro kamar wadda za a ba lambar yabo.

Madam Grace ta fara ba da shaida da Hausarta ta Abuja. "Oga, ni na cika masa da hannuna. Na danna tsuntsu, tsuntsu ta tashi, ya ce mun gode. Wallahi na gani da idona."

Alhaji Garba ya juyo gare ni. "Ke me za ki ce? Shafin yana da matsala?"

Na miƙe, na saci kallon Barista, na ce da muryar da na yi ta gwadawa a gaban madubi: "Ranka ya daɗe, shafin lafiyarsa ƙalau. Ɗaruruwan ma'aikata sun yi rajista. Wanda bai bi ƙa'ida ba, ba laifin shafi ba ne."

Malam Isiyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, a ba ni izini in shiga shafin a gabanku, ku ji abin da nake ji. Amma ina roƙon a tsaya a saman shafin kawai."

Aka jona laftof ɗinsa da lasifikar ɗakin. Kiɗana ya cika wuri. Daga ƙarƙashinsa wata murya ta Baturiya, marar gajiya, ta fara: "Botin. Botin. Botin." Ya ƙirga musu har goma sha ɗaya, sannan ya ɗage hannu.

"Iyakar abin da nake son ku ji ke nan."

"A'a, ci gaba mana," in ji Alhaji Garba. "Ai akwai rubutu a ƙasa, ga shi ina gani. Kada a ce ba mu bincika ba."

"Yallaɓai, da an bar shi."

"Malam, ci gaba."

Ya danna. Tunda ban rubuta bayanin ko hoto ɗaya ba, na'urar sai ta koma karanta sunayen da na ba su. Tana murɗe Hausar kamar mai tauna tsakuwa, amma kowa ya gane.

"Hoto. Sadik ya sa farar shadda Litinin."

Ni kuwa sai na ji atamfar ta yi mini nauyi.

"Hoto. Sadik ya ce mini sannu da aiki. Hoto. Sadik ya yi aski. Hoto. Sadik bai zo ba yau Allah sa lafiya. Hoto. Sadik rabin raina biyu."

"Biyu?" in ji wakilin ƙungiya. "Ina na ɗaya?"

Kamar tana jiransa. "Hoto. Sadik rabin raina ɗaya."

Hajiyar sashen mulki ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Madam Grace ta ce, "Jesus!" Alhaji Garba ya yi ta tari har sai da aka miƙa masa ruwa. Barista Sadik ya ƙura wa biron hannunsa ido kamar yau ya fara ganin biro. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri jaruma suma take yi, ta farfaɗo a asibiti jarumi yana riƙe da fure. Na jira sumar, ta ƙi zuwa. Ina tsaye ƙiƙam da turarena, har Malam Isiyaku ya rufe laftof ɗin da kansa.

To ga inda fushina yake, kuma bai huce ba har yau. Kunyar da na sha, na cancance ta, har da ƙari. Amma mutanen nan sun ji da kunnuwansu cewa shafin ba ya shiguwa ga makaho. Washegari na je da ƙafata na gwada kwamfutar Madam Grace, na gano laifin tantabara, na rubuta na sa hannu cewa kuskurena ne, na kai wa Alhaji Garba. Ya karanta ya tura cikin durowa.

"Ke yarinya ce. In aka ce shafin yana da matsala, wa ya kawo shawarar? Wa ya sa hannu? Kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya, mutanen Idu za su taso. An rufe, an rufe. Allah Ya kai mu baɗi."

Haka kwamiti ya rubuta: ma'aikacin bai kammala rajista a kan lokaci ba. Barista Sadik, rabin raina ɗaya da biyu, shi ya tsara kalmomin, kuma ya tsara su da kyau. Ranar na warke daga ciwonsa, ba tare da shan magani ba.

Wata guda cur ba a da zance a hukumar sai nawa. A lifta, a kantin abinci, a motar ma'aikata. Masinjoji suna wucewa ta ƙofata suna cewa "hoto" ƙasa-ƙasa. An yi dariya har an gaji. A cikin duk masu dariyar nan ban ji mutum ɗaya ya ce, "Shi kuma Malam Isiyaku fa?" Soyayyar banza ta wata sakarya ta fi musu daɗin tauna a kan shekarar mutum da aka ƙone. Kuma sakaryar ce ta kunna ashanar.

Na je ofishinsa ba da haƙuri. Na shirya jawabi mai tsawo, da hawaye a wuraren da suka dace. Bai bar ni na kai rabi ba.

"Malama, kukan nan ba zai shigar da ni jarrabawa ba. Kin zo da kwamfutarki?"

"Na zo da ita."

"To zauna. Kashe allon. Ture linzamin kwamfutar can gefe. Yanzu yi rajista."

Minti arba'in na yi ina lalube a cikin shafin da na gina da hannuna, kiɗan da na zaɓa yana sara mini kai, ban ko kai ga fom ɗin ba. Shi kuwa yana gefe yana aikinsa, lokaci-lokaci ya ce, "Ya dai? Ki sauke fulogin mana." Sau uku ya faɗa, daidai adadin zuwansa ofishina.

A mako biyu muka sake shafin, ni ina ginawa shi yana gwadawa. Ba ƙofa, ba gajimare, ba tsuntsu. Alhaji Garba ya ce ya zama kamar allon sanarwa. Mutanen Idu kuwa suka ce yanzu kafin ka ƙifta ido ya buɗe.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kuma da na koye shi a kyauta da na saurara. Ka gwada aikinka a kwamfutar da ta fi kowacce lalacewa, ka rufe ido ka shiga ta ƙofar da ka gina wa mutane. Sannan duk abin da ka rubuta a bayan shafi kana cewa babu mai gani, ka sani akwai mai ji.

Baɗin da aka ce Allah Ya kai mu, ba a yi jarrabawar ba, sai shekarar da ta biyo. Malam Isiyaku ya zauna, ya zo na ɗaya. Amma waɗanda ya koya wa aiki sun riga sun wuce shi, kuma bai sake kamo su ba. Ya yi ritaya a ƙarƙashin wani da shi ya nuna masa yadda ake rubuta rahoto. Yanzu yana Jiwa, yana kiwon kaji, ranar Asabar kuma makafi suna zuwa gidansa yana koya musu kwamfuta. Ya yafe mini tuntuni, amma bai sallame ni ba. Duk lokacin da ya ci karo da shafin da ya rufe masa ƙofa, ni yake kira, ko da ban san wanda ya gina ba.

Kwanan baya wayata ta yi ƙara ina tsakiyar taro. Na fita na ɗauka.

"Malama, wani ɗan ajinku ya sake yi."

"Subhanallahi. Ina kuma, Malam?"

"Wani asibiti ne, ina son ganin likita. Na cika komai da kaina, sai aka ce in zaɓi hotunan da ke da mota a ciki, wai don a tabbatar ni mutum ne." Ya yi 'yar dariyar nan tasa da ba ta kai ciki ba. "Shekara sittin da biyu ina zaton ni mutum ne. Yau na'ura ta ce ba ta yarda ba. Ki nemo mini lambar mai shafin, ina da magana da shi."